Shekarar da Na Rufe Iyaka da Bakina

Wanga babi naku ne, ku shida maza, har da wanda ke ganin ya fi ni sani don ya iya latsa waya. Tun da gardamar fita daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu ta dawo, kun hana ni barcin rana a zaure. Wannan ya ce gara haka, wancan ya ce asara ce, sai ka ce ku kunka ƙago maganar. To ku sani ubanku ya riga ku. Ni na fara fitar da Nijar daga ƙungiyar, ni kaɗai, a teburin mai shayi na bakin tashar Konni, yayarku tana ciki ba ta ma san za ta zo duniya ba. Abin da kawunnanku na Tunga ke faɗa muku duk sallah kuwa, wai ban je sunanta ba don rowar rago, ƙarya ce tsagwaronta. Na je. Da rago na je, ragon da in ya tsaya kusa da jaki sai jakin ya sunkuyar da kai. Yadda na je ɗin ne abin faɗi, kuma zan faɗa, kada wanda ya tsoma mini baki.

Shekara guda kafin nan anka koro mu daga Ikko. Shekara huɗu na yi ina gadin gidan wani mai kuɗi, na iya cewa oga, na iya haɗiye teba ba tare da idona ya kawo ruwa ba, har na ɗauka na zama ɗan gari. Rana ɗaya rediyo ya ce duk baƙo ya tattara nasa ya nasa. Ni baƙo! Ni da in na yi fitsari da ƙarfi a bayan gidanmu, Najeriya yake gangarawa. Na dawo bisa wata babbar mota, an danna mu kamar goro a huhu, da bokiti ɗaya, da rediyon da ya kore ni, da haushi fal cikina. Ban tarar da Inna mahaifiyata ba. Ta rasu ina can, wasiƙar da anka aika mini munka saɓa da ita a hanya. Ranar da Gwaggo Hassi, ƙanwar babana, ta sa anka nuna mini kabarin, na yi alkawari a raina: ɗiyar da Allah ya fara ba ni, sunan Inna za ta ci. Ban faɗa wa kowa ba sai Gwaggo, sai kuma uwarku daga baya.

Na kama kamasho a tasha, ina cika motocin Dogarawa da Malbaza da wagga murya da kuke cewa ta fi lasifika. Na auro uwarku daga Tunga, ƙauyen da ke can gefen Najeriya, tafiyar safiya ɗaya a ƙasa. Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Rabin matan unguwarmu daga can suke, rabin matan can daga nan, in anka yi rasuwa ba ka sanin wace ƙasa ke zaman makoki. Da ciki ya tsufa, sunka zo sunka tafi da ita goyon ciki gidan ubanta, Malam Hamidu, kamar yadda ake wa duk mai haihuwar fari. Gwaggo kuwa ta ɗaure rago a tsakar gida tana ɗura masa dusa da harawa da kanwa, ni ana ba ni ƙanzo. In na yi magana ta ce shi yana da ranar amfani. Ba a yi sati uku ba sai mutanen can sunka rufe boda, sunka canza kuɗinsu. Kasuwa ta mutu, tasha ta mutu, direbobi sunka koma dara a ƙarƙashin motocinsu. Ɗan kamasho in ba mota, me ya rage masa? Baki.

Bakin nawa a teburin mai shayi nake baje shi kowace safiya. Mutum biyu ne abokan karawata. Na farko Mushe Abdu, kamar yadda muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, siriri kamar tsinken tsire, ba ya fara magana sai ya goge tabarau. Na biyu Shef Sumana, babban duwan, wato kwastan, na fos ɗin binciken kaya da ke bakin kwalta, Bazabarme da anka turo daga yamma, tumbinsa ke riga shi yin sallama ko'ina. Ni Bagobiri ne, kun san tsakaninmu da su: taubasai ne, in zage shi ya zage ni, ba mai kai ƙara. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawansa, mai shayi yana zuba mana duka.

Ranar da abin ya faru, Mushe ne ya tsokano.

"Garba, rage ihun nan. Akwai takarda da shugabanni sunka sa wa hannu, ta ce ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiya ya shiga 'yar'uwarta ba biza. In mun fita, da me za mu kama su?"

"Mushe, takardar nan tana ina ranar da anka loda ni kamar buhun albasa? Ko ita ma an koro ta?"

"Ƙane ba ya barin gidan gado don yayansa ya rufe masa ƙofa rana ɗaya."

"To ni na bari! Mu fita! Su riƙe fetur ɗinsu, mu riƙe shanunmu da wakenmu. Wata uku za ka gan su nan suna kuka, sun gaji da tuwo da miyar kananzir."

Anka fashe da dariya, ni kuwa dariyar mutane ita ce giyata. Na hau benci. Na ce mu ma mu rufe tamu iyakar, rufi na gaske, ko kaza kada ta wuce, ƙuda ma sai ya nuna kartidante, katin shaidarsa. Shef Sumana bai ko ɗago daga kofinsa ba.

"Bagobiri, sauka kada ka karya bencin mutane. Iyakar nan ba ta rufuwa. An ba ni oda bana kada dabba ko hatsi su fita, ga ni da mutum shida da moto ɗaya mai ƙafa biyu. In na tsare kwalta, daji fa? Ni baƙo ne, ban san hanyoyinku ba."

"Kai dai ka ce tumbi ya hana ka, Bazabarme. Ni ido rufe zan toshe ta kafin azahar."

"Da baki."

Da baki! Ni za a ce wa da baki a gaban jama'a! Na diro, na tsinci kara, na share ƙasa da tafin ƙafa, na fara zane. Ga Konni, ga kwalta, ga dutsen iyaka. Ga hanyar ƙorama da masu jarkar fetur ke bi. Ga ta bayan maƙabarta, ta masu shanu, don sun san duwan na tsoron fatalwa. Ga wadda ke ratsa gonakin wajen Bazaga ta fito gindin ƙirya. Har inda ake ɓoye amalanke na nuna, har lokacin da ake bi. Ina zane ina waige in ga ko ana tafa mini. Ba wanda ya tafa. Mai shayi yana ta tari kamar ya shaƙi barkono, wani yana taka mini ƙafa, ni na ɗauka sha'awa ce ta hana su magana. Shef ya leƙo ta saman kafaɗata.

"Uku tak? Ashe Gobirawa ba su san garinsu ba."

Sai na ƙara masa ta huɗu, ta tsohuwar rijiya, wadda babana ya nuna mini ina yaro ya ce ko matata kada in faɗa wa. Shef ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya kwafe tsaf. Har ya tambaye ni ko ƙiryar tana dama ko hagu, na gyara masa. Sa'an nan ya ce wa mai shayi a ƙara mini kofi bisa kansa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba tun da uwarsa ta haife shi. A nan ya kamata in gane.

Kafin Juma'a ta zagayo, duk hanya huɗun akwai mai kaki zaune a inuwa. Garin Konni ya ɗauke mini gaisuwa. In na yi sallama a ƙofar masallaci sai a amsa wa bango. Mai shayi ya koma ba ni ruwan zafi mai launi, in na nemi sukari ya ce sukari ta hanyar ƙorama yake zuwa, in je in tambayi abokina. Wani mai amalanke ya raɗa wa jakinsa suna Garba don ya samu wanda zai duka. A gida kuwa Gwaggo tana tsefe harawa tana magana da rago, amma da ni take.

"Ka gani ko? Ubansa shekara arba'in yana bin hanyar rijiya, ko akuya ba ta ji daga bakinsa ba. Shi kofi ɗaya anka ba shi ya sayar da gari. Da bakinsa ƙofa ne, da ɓarayi sun kwashe har haƙora."

Ana cikin haka, ran wata Talata, ga wata tsohuwa mai daddawa daga Tunga, ƙwarya a ka. Mace da ƙwarya ba wanda ke tambayarta takarda, ko can ko nan. Ta ce an sauka lafiya jiya Litinin, an samu mace, suna Litinin ta sama. Ta ƙara da cewa labarin zanena ya riga ya kai can, kuma Malam Hamidu ya ce a gaya wa mai taswira zai jira har hantsi. In bai ga kowa daga ɓangaren uba ba, shi ba zai bar jikarsa ba suna kamar ɗiyar akuya ba.

Ɗiyar fari ce, ya kamata in sunkuyar da kai in yi kamar ban ji ba. Da babana na da rai, ko wani baffa, su za su je su raɗa wa liman suna, ni in ɓuya bayan rumbu har a watse. Amma ba ni da kowa sai Gwaggo, ita kuwa ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ko bakin rijiyar unguwa. Uwarku ta san sunan, sai dai kun san kunyar ɗan fari. A gidan ubanta, ko kallon jaririyar ba ta isa ta yi a gaban mutane ba, balle ta buɗe baki ta ce ga abin da za a sa mata. Gwaggo ta ja ni gefe.

"Faɗa wa matar nan sunan, ta tafi da shi yanzu."

"Gwaggo, sunan Inna ne fa. Cikin ƙwaryar daddawa zai tsallaka iyaka kamar kayan fasa-ƙwauri? Ni zan kai shi da bakina, ragona a gaba, Tunga duka ta fito kallo."

"Bakin naka ne ba na so ya yi masa rakiya."

"Ki sa ido kawai."

"Ɗiyarka ce, ba na shiga gabanka. Amma ka tuna na faɗa."

Mai daddawa ta tafi da goro da gaisuwa da saƙon cewa su share fili, ba ta tafi da suna ba. Ni kuwa na ce sai Lahadi zan tashi, kada a ce na yi zumuɗin ɗiyar fari na je na tare a gidan surukai. Lissafina mai sauƙi ne. Mutum shida ba su tsare hanya huɗu da kwalta dare da rana, dole wani ya tashi kama ruwa. In ma anka gan ni, taubashi ba ya kama taubashi.

Lahadi da sassafe na wanke rago da sabulu har ya yi fari kamar rigar ango, na ja shi. Shi ya ja ni dai, in faɗi gaskiya. A hanyar ƙorama munka tarar da wani dogon duwan kwance a inuwa. Yana ganina ya miƙe ya sara mini.

"Malam Garba! Wurin nan akwai iska, mun gode. Koma."

Na koma. Bayan maƙabarta su biyu na tarar, don Shef ya ji abin da na ce game da fatalwa ya ƙara mutum. Ta gonaki ban ma ƙarasa ba, tun daga nesa na hango hula a gindin ƙirya, ta hagu, daidai yadda na gyara. Rana ta take, bazara ce irin wadda ƙadangare ke tafiya da ƙafa biyu don ya huta da biyu. Rago na haki, ni ina haki, ba ka sanin wa za a yanka. Na ce saura ta babana. Muna isa tsohuwar rijiya na tarar da Shef Sumana da kansa zaune a bakinta, ya cire takalmi, yana ɓare gyaɗa.

"Bagobiri! Tun safe nake jiranka. Ina za ka da kaza mai ƙaho?"

"Shef, an yi haihuwa a Tunga. Gobe suna."

"Barka, barka! Allah ya raya, Allah ya sa ta yi kama da uwarta. To wa ya ce ko kaza?"

"Wasa ne, taubashi."

"Ni ma wasa nake. Kai wuce, ba ni da oda kan mutane. Rago ya kwana fos."

Ku ji nan da kyau, don nan ne wurin da nake cizon yatsa har yau. Daga bakin rijiyar nan ana hango rumbunan Tunga. Da na saki igiya na taka, kafin la'asar ina can, in samu liman in raɗa masa, gobe a yanka ko akuyar aro ce. Ba wanda ya hana ni. Amma na hango kaina ina shiga garin surukai hannu na dukan cinya, bayan na aika su share fili, kawunnanku suna zaune suna tambayata ko ragon yana cikin aljihu. Na ce ba inda za ni ba rago. Na bi Shef da dabbata har fos, ina tafe ina roƙo, yana tafe yana waƙar Zabarmanci. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da taubastaka, na ce ni ne bawan, shi ne ubangidan, kakanninsa ne sunka sayi nawa. Ya ce wannan tsohon labari ne, kowa ya sani. Sai gab da magariba ya faɗi sharaɗinsa. Gobe da safe, a bencin da na hau na fitar da ƙasa, in hau in maido ta. In jama'a sun yarda na maido ta daidai, zai ga abin da za a yi.

Litinin ana sallame asuba ina bakin teburi. Shef bai zo ba sai da gari ya waye tangaran, kuma sai da ya sha kofi biyu yana hurawa a hankali kamar mai gyaran agogo. Labari ya bazu, mutane sun cika tasha kamar ranar Idi, har masu amalanken da na kashe wa kasuwa sun zo sahun gaba. Na hau benci.

"Jama'a, na yi nazari."

"Ragon ne ya yi maka nazarin!" in ji wani daga baya.

"Ku bari in faɗi! Mu da mutanen can uwa ɗaya uba ɗaya. Bature ne ya zo da igiyar awo ya raba gonar kakana biyu. Wa zai fita daga ina? Kun taɓa jin hanta ta fita daga ciki ta ce ta yi yaji?"

Mushe Abdu ya goge tabarau.

"Takardar fa, Garba? Wadda anka koro?"

"Ta dawo, Mushe. Takarda ce mai albarka. A ɗinke ta a rataya wa yara a wuya."

"Kaza fa?" in ji Shef.

"Ta wuce! Da ita, da 'yan tsakinta, da zakaran da ya yi mata rakiya!"

Tasha ta ɗauki shewa. Mai shayi ya zuba sukari uku a kofi ya miƙo mini, ban ko tsaya karɓa ba. Shef ya ta da moto, anka ɗora rago a tsakiya, ni a baya ina riƙe da ƙaho da hannu ɗaya, tumbi da ɗaya. Moton nan kuka yake kamar ana yi masa kaciya. A dutsen iyaka ya sauke mu, ya juya mana baya yana duban sama.

"Ni hadari nake dubawa, an ce ana sa ran ruwa. In wani rago ya tsinke ya gudu, ba da sanina ba."

Abu ɗaya na manta: iyaka gefe biyu gare ta. Kukan moton nan ya taso wasu masu kaki biyu na can gefen daga inda suke karin kumallo. Ban yi taku ɗari ba sunka sha gabana.

"Tsaya nan! Ba ka san an rufe boda ba?"

To bakin ya riga ya ɗau zafi tun a benci. Na gyara tsayuwa na fara. Na ce oga, akwai takarda, shugabanni sun sa hannu. Na kawo musu ƙane da gidan gado, na kawo hanta, na kawo Bature da igiyar awo. Duk abin da Mushe ya taɓa faɗa na zazzage musu, har na goge tabaran da ba ni da shi. Sunka saurare ni har ƙarshe, ɗayan ya ce su ba a aiko musu da wata takarda ba, kuma tunda magana ta kai ga shugabanni, ta fi ƙarfinsu, in zauna sai ogansu ya zo. Na zauna gindin wata aduwa. Rago yana cin ciyawar Najeriya ba biza. Ni ina kallon inuwar aduwar tana janyewa kaɗan-kaɗan, kamar ana naɗe tabarma daga ƙarƙashina.

Rana ta ɗaga sosai sa'ad da ogan ya iso bisa keke, wani dattijo Basakkwace. Ya dube ni, ya dubi wankakken rago.

"Suna ko?"

"Suna, ranka ya daɗe."

"To me kake yi nan zaune?" Ya juya wajen mutanensa. "Ku ba ku ga rago da wanka ba?"

"Bai ce suna ba, oga. Tun safe lacca yake yi mana kan takarda."

"Uwata 'yar Malbaza ce," in ji dattijon. "Tashi ka ruga, ɗana."

Na saɓi ragon nan a kafaɗa na ruga. Kada ku tambaye ni yadda anka yi, ƙarfin ranar ban sake ganinsa ba. Na ratsa gonaki, takalmi ɗaya ya tsinke na bar shi nan. Sunan Inna yana bakina, ina maimaita shi a zuci kamar wanda anka aika kasuwa. Na kawo daidai rumbunan farko ke nan, sai na ji muryar maroƙi ta tashi daga ƙofar gidan Malam Hamidu.

"Sunan jaririya Hajara! Hajara, Allah ya raya!"

Guɗa ta biyo baya. Sunan mahaifiyar Malam Hamidu ne. Ƙafafuna sunka tsaya da kansu. Rago ya zame daga kafaɗata ya dira, ya kama cin ƙaiƙayi abinsa.

Na ƙarasa da takalmi ɗaya. Ga akuya rataye ana feɗewa, ga mutane suna zungurin juna, wai ga mai taswira. Malam Hamidu yana zaune bisa buzu kusa da liman. Mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba, shi ya sa nake tsoronsa. Na cire ɗayan takalmin, na durƙusa daga nesa.

"Sannu da hanya. An ce kai ka rufe iyaka."

"Kuskure ne, Baba."

"Na jira har inuwa ta bar bakin zaure. Liman yana da jana'iza a wani gari."

Na daure na matsa kusa, na yi ƙasa da murya, karo na farko a rayuwata. Na ce da akwai sunan da na taho da shi, na mahaifiyata ne, ko za a iya gyarawa. Ya dubi akuyar da ake feɗewa.

"An yi fatiha, jini ya zuba. Suna ba riga ba ne da za a tuɓe. Da ka aiko da shi, ko a bakin mai daddawa ne, da hannu biyu zan karɓa. Na san mahaifiyarka. Ta sha ba ni ruwa ran kasuwar Konni."

Ban samu abin cewa ba. Ku rubuta wannan, don ba ku taɓa gani ba.

Ragon dai an yanka shi, ba a mai da shi ba. Tunga ta yi kwana biyu tana ci, kuma waɗannan kawunnan naku masu cewa na yi rowa, su sunka cinye cinya, ina kallo. Uwarku ban gan ta ba sai bayan arba'in, da ta dawo ta hanyar rijiya da goyo a baya da ƙwarya a ka. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Abin da ta ce kawai, tun asuba take kasa kunne ko za ta jiyo ni daga nesa, don ta san in ina tafe ba a ɓoyewa. Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake tada maganar ba, kallona kawai take in ana kiran yarinyar.

Na ce ba komai, ta biyu tana tafe. Sai Allah ya jero mini ku shida, ƙarti, ɗaya bayan ɗaya kamar ana ɗaukar soja. Duk ciki in ce wagga mace ce, ungozoma ta fito ta ce in sayi wando. Jikokin ma maza kuke ta kawo mini, yayarku ce kaɗai ta samu mata, su kuwa dangin mijinta ke da ikon suna. Iyaka an buɗe, an rufe, an sake buɗewa, ni ina nan da alkawarina a wuya. Don haka in kuna gardamar fita da zama, kada ku ce in raba ku. Na hau benci na fita an yi dariya, na hau na dawo an yi shewa, mutanen da sunka yi wannan su sunka yi wancan.

Abin da ya sa na tsawaita wanga babi shi ne, an gaya mini matan mutum biyu daga cikinku sun tafi gida goyon ciki. Ni yanzu gwiwar Gwaggo na gada, ba na saɓa ko kaza. Sunan kakarku, uwata, Zainabu ne. Ban taɓa faɗinsa da ƙarfi ba, ga shi na rubuta. Duk wanda Allah ya ba mace cikinku, ko ina da rai ko babu, ya buɗe wanga shafi ya nuna wa liman tun kafin ya zauna.